Ƙarashen Bidiyon Yayana

An kawo gawar Yaya a bayan motar da yake tuƙawa, an rufe shi da buhunan albasa da aka farke. A-kori-kura ce ta maigidansa. Ya yi lodi a Aliero zai yi kudu, ya ratsa Jega bai ko leƙo gida ba, a wani ƙauye kafin Maiyama, ranar kasuwarsu, ya buge wani tsoho mai keke. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Tsohon ƙafa ce ta karye, yana nan da ransa, an ce har ya koma hawan keke. Yaya kuwa ta taga suka jawo shi suka kashe shi da duka.

Inna ba ta yi kururuwa ba. Da Kawu, wanta, ya dawo daga maƙabarta, tana zaune bakin ƙofar ɗaki ta ce masa, "Ya samu kalma?"

"In sha Allahu."

"Ban ce ka yi mani in sha Allahu ba. Ya yi kalmar shahada ko bai yi ba?"

"Ke, ba ni wurin. Gawa anka ba ni."

Kowa a gidan ya san dalilin tambayar. Yaya ba mai tsare salla ba ne. Yana shan taba, asuba sai rana ta fito. Safiyar ƙarshe da ya tashi a gida sun yi faɗa da Inna kan haka, ta ce masa in mutuwa ta riske shi a wannan hali ita ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ya yi dariya, ya ɗauki makulli ya fita. Bayan kwana biyar aka kawo shi.

Daga ranar duk wanda ya shigo ta'aziyya sai ta tambaye shi, har mai kawo mana ruwa. Ta daina cin tuwo. Kunu ma kurɓi biyu take yi ta ture kwanon.

Ranar sadakar uku na ji ihu a kusurwar tsakar gida, ɗan ƙaramin ihu irin na cikin waya. 'Yan mata huɗu sun haɗa kai a bayan randa. Na leƙa ta saman kafaɗarsu, a fuskar waya na ga rigar Yaya mai ratsin shuɗi, wadda na wanke da hannuna. Mai wayar 'yar maƙwabtanmu ce, tare muka yi sakandare. A gidanmu, a makokinsa, da shinkafar sadakarsa a gabanta. Na fizge wayar na buga mata a baki, leɓenta ya fashe, na haɗa ɗankwali da gashi na kai ta ƙasa. Sai da mata uku suka ɓanɓare ni, kuma kafin su riƙe hannuna na maka wayar da bango na bi ta da dutse.

Daga baya na ji haushin kaina, ba don bakinta ba. Na fasa abin ban ga inda ya tsaya ba. Ashe ba shi da wuyar samu. Kafin magariba wata ƙawata ta kawo mani shi, tana roƙona kada in kalla.

Na kalla. Daƙiƙa talatin ne. Ana jawo shi ta taga, ƙafarsa ɗaya ta maƙale, suka fizga har takalmin ya zauna a cikin mota. Ya faɗo ta ka. Sanduna, ƙafar benci, wani da bulo. Albasa tana gangarawa tsakanin ƙafafun mutane. Yana ɗaga hannu yana cewa su tsaya, a kai tsohon asibiti, ga mota nan. Aka sauke masa bulo a kafaɗa. Ya dafa ƙasa zai tashi a kan gwiwa ɗaya, sai hoton ya ƙare.

Da ransa hoton ya ƙare. Kuma ba mai ɗauka ne ya gaji ba, don mai ɗauka in zai daina sai ka ga waya ta sunkuya, ka ga ƙasa ko yatsun ƙafarsa. Wannan yanke shi aka yi. Ke nan akwai ƙarashe a wayar wani, kuma in Yaya ya yi kalma, tana can ciki. Na gaya wa Inna akwai abin da zan nemo mata. Ta dube ni ta ce, "Nemo."

Matsalar ita ce babu inda aka ajiye shi. Waɗanda suka ɗora a intanet sun sauke tun da aka fara raɗe-raɗin hukuma na neman fuskoki. Ya rage daga waya zuwa waya. A wurinmu haka ake yi da komai, wa'azi ne ko fim ko waƙar biki: ka matso da wayarka kusa da tawa, mu haɗa su, in tura maka, ba data ba sabis. Babu rumbu guda da za ka je ka ce a buɗe maka. Kowace waya rumbun kanta ce, kuma saninta bai wuce wanda ya ba ta da wanda ta ba.

Ni ba ni da haƙuri, sai na yi abin da ya fi sauri. Na gaya wa kowa. 'Yan ajinmu, abokan Yaya na tasha, matan layinmu. Na ce ina neman dogon, ku tambayi na kusa da ku, su ma su tambayi nasu. Cikin kwana biyu wayata ta cika, kuma duk guntun nan ne, kowane da sunan da aka laƙaba masa. Wani an rubuta "hatsari", wani "direban albasa", wani "ɓarawon mashin". Ɓarawo, Yayana. Wasu ma ba shi ba ne sam. Wani mutum an rataya masa taya ana zuba fetur, wani an ɗaure shi a jikin turke, yarensu ma ba namu ba. Sai na kalli kowane har ƙarshe kafin in tabbatar. Kuma na lura roƙon nawa baya wuce baki uku. Ƙawata ta tambaya don ni, ƙawarta ta tambaya don ita, ta ukun ba ta san ni ba, ba ta san Inna ba, ta ce to ta manta.

Mai cajin waya na tashar Jega ne ya tsince ni ina amai a bayan rumfarsa. Dattijo ne mai furfura a gemu, yana caji yana kuma tura wa mutane fina-finai. Ya san Yaya. Ya miƙo mani buta.

"Ke ce ƙanwar marigayi? Wa yac ce ki riƙa kallon duk abin da anka turo maki?"

"To ta yaya zan san ko shi ne, Baba?"

"Au! Boko har aji shida, ba a koya maku wanga ba? Mi kuka yi can, tsalle-tsalle? Miƙo wayar."

Ya bi jerin da farce. "Suna banza ne, kowa da wanda ya raɗa mashi. Nauyi za ki duba. Dubi, megabait huɗu, huɗu, huɗu. Abu guda ne, riga kawai shika sakewa. Wanda kike nema zai kai sittin ko ya wuce. In ba ki ga nauyi ba, kada ki buɗe."

Ya kuma nuna mani inda waya ke rubuta ranar da abu ya shigo ta, har da ƙarfe nawa. Wanda ya samu da wuri ya fi kusa da mai ɗauka. In bi na farko, in tambaye shi wa ya ba shi, in je wurin wannan in sake tambaya.

Na ce, "Kai ba ka da shi? Duk wayoyin tasha nan suke wuni."

"Ɗiyata, abin da anka kawo mani shi nika turawa. Dogon bai taɓa biyowa ta nan ba. In ko bai biyo ta nan ba, ki ɗauka bai shigo Jega ba."

Na bi shawararsa mako guda. Wani mahauci a Jega Magaji ya samu washegarin abin, ya nuna mani da hannunsa duk kitse, ya ce ɗan kabu-kabu ya ba shi. Na samo ɗan kabu-kabun, ya sayar da wayar, wanda ya saya ya goge komai, shi kuma ya rantse bai tuna wanda ya tura masa ba. Wani layin ya tsaya kan direban da ya yi Ikko, wayarsa a kashe. Wani ya tsaya kan mutumin da ya ga fuskata ya sa wayar a aljihu ya ce shi bai taɓa jin labarin ba. Layi ɗaya ne ya rayu: wani ɗan dako a kasuwar albasa ta Aliero, abokin Yaya, nasa ya shiga tun yammacin ranar.

Na same shi tsakanin tulin buhuna, warin albasa har cikin ido. Nasa ma megabait huɗu ne. Amma ya gaya mani abin da ban sani ba. Ba tura masa aka yi ba, daga sitatus ɗin wani mutumin ƙauyen ya sauke, kuma sitatus a lokacin a daƙiƙa talatin yake yankewa. Ina tambayarsa wane mutum, sai wani ya dafa kafaɗata ta baya. Ƙato ne, mai sayen albasa, hula a karkace.

"Ke ce mai tara hotunan mutane ki kai ma hukuma?"

"Cire hannunka. Uwarka ce ta aiko ka?"

Marin ya juya ni gaba ɗaya. Na kama hannun na sa haƙori a gindin babban yatsa, na riƙe har na ji gishirin jini. Ya naɗe hijabina a wuyana ya buga fuskata da bakin benci. Haƙorina na gaba ya gutsure, har yau haka yake, ban gyara ba. Sai 'yan dako suka yo kansa. Abokan Yaya ne, suna cike tun ranar. Suka kai shi ƙasa, wani ya zaro sandar rumfa, na ji ƙararta a haƙarƙarinsa. Na so su kashe shi. Ba zan ɓoye ba, na so. Ina zaune a kan albasa ina tofar da jini na ɗaga kai, na ga wayoyi biyar ko shida a sama, masu su suna gyara tsayuwa don hoto ya fita. Na tashi na ratsa su na tafi tasha. Ban ce su bari ba, ban ce su ci gaba ba. An ce dattawan kasuwa ne suka ƙwace shi.

Washegari ɗan dakon ya kira ni ya faɗa mani sauran. Mai sayen albasar yana da dangi a ƙauyen. Maganata ta isa can tuntuni, amma ta sake kama a hanya: daga ƙanwar direba na neman bidiyo ta koma ƙanwar direba na tattara fuskoki. Duk mai shi a ƙauyen ya goge, wasu har katin waya suka jefa a wuta. Na ɗauka tambayata a baki na uku take mutuwa. Ashe mai neman taimako ce ke mutuwa. Mai tsoratarwa ta yi ta tafiya ba wanda ya tura ta, ta riga ni isa, ta share wurin.

Kawu ya ce in na sake fita sai ya karya ni. Inna ta dubi bakina ba ta tambayi abin da ya same shi ba. Ta ce, "Kin samu?" Na ce a'a. Ta juya fuska bango. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa, ta cire ta sa a ƙarƙashin matashi.

Kwana biyu ina gida. Na kasa sake kallon guntun, na kuma kasa barinsa, sai na zauna a bayan ɗaki da rana tsaka na sa abin kunne na rufe ido. Da ido a rufe ne na ji. A ƙarƙashin ihun maza akwai wata ƙara kusa-kusa, ta mai yana tafasa a kasko. Akwai ƙarar matsami a bakin ƙarfe. Akwai kuma numfashi dab da wayar, da murya ƙasa-ƙasa: "Wayyo, ɗan mutane." Muryar mace. Na buɗe ido na duba hoton, daga ƙasa aka ɗauke shi, daga tsayin mai zaune kan kujerar tsuguno. Mace ce mai suya a bakin titi.

Mako biyu ina bin wayoyin maza a tasha da mahauta da kasuwa. Wayoyin mata ba nan suke haɗuwa ba. Suna haɗuwa a gidan suna, a gidan biki, a layin awo, a wurin kitso.

Na ce wa Kawu zan je duba Gwaggo a Maiyama. Na je ɗin, na gaishe ta a tsaye, na tambaye ta wadda matan ƙauyukan hanya ke zuwa kitso wurinta. Na ƙudurta a raina wannan karon ba zan ce komai ba, zan zauna in saurara. Mai kitson, wata mata mai jiki da baki ja da goro, ta sa kaina tsakanin gwiwoyinta. Ba ta gama layi na uku ba na ce, "Wace ce ke suya a bakin titin ƙauyen can?"

Ta ja gashina har idona ya kawo ruwa.

"Dama na gane ki tun daga haƙorin. Ke ce ƙanwar direban. An ce kin ciji namiji a Aliero."

"Shi ya fara."

"Ni dai kada ki cije ni, gwiwata ba nama. Sunkuya."

Ta ƙarasa layi guda, sannan ta ba ni labarin, tana kitso tana magana a saman kaina. Wata mai awara ce ta ɗauka. Da yamma mijinta ya karɓi wayar ya ɗora a sitatus don a ga garinsu ba a taɓa su a kwana lafiya. Bayan kwanaki, da labari ya zo cewa wata yarinya daga Jega na tara fuskoki, ya karya katin da haƙori, ya fasa wayar, ya dake ta don mi ta ɗauka tun farko.

"Kunnenta na hagu ba ya ji yanzu. Nan ta zauna inda kike, ban iya taɓa gefen ba. Aikin bakinki ne, yarinya."

Na ƙara sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinta.

"To ya ƙare ke nan," na ce daga baya.

"Wa yac ce maki? Ke ba ki bari a kai aya." Ta tofar da goro. "Wayarta ƙarama ce, kullum cike. Tana da ƙanwa da ke aure a Mungadi. Duk zuwan da ta yi sai ta juye mata komai ajiya, hotunan biki, wa'azi, duk tarkace, don ta samu wuri. Washegarin abin an yi suna a Mungadi, ta je. Ban ce maki shina can ba. Na ce maki ta je."

Na tashi da rabin kai a tsefe, na ɗaura ɗankwali na hau kabu-kabu.

Na tarar da ƙanwar a tsakar gida tana tuƙa tuwon rana, goyo a baya, surukarta tsohuwa tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe su a gajarce na faɗi abin da ya kawo ni. Matar ta ce e, yayarta ta bar ajiya a wayarta, amma ita ba ta san abin da ke ciki ba.

"Ba ki buɗe ba?"

"Ajiya ce. Ana buɗe ajiya?"

"Ba ɗauka zan yi ba, turawa ce. Naki na nan, nata na nan, ba abin da zai ragu."

"Sai mai shi ta ce."

"Mai shi ba ta da waya!"

"To sai ta samu."

Wayar na kan taga, gilashinta a tsage. Na yi tsalle na ɗauke ta. Ta zaro muciya daga tukunya, da tuwon da zafin, ta sauke mani a wuyan hannu. Fatar ta tashi nan take. Ban saki ba. Ta kama ɗankwalina, na kama zaninta, muka yi kan murhu, tukunya ta karkace, jaririn bayanta ya tsala ihu. Sai na ji sanda a gadon bayana, ita ma ta ji a cinya. Tsohuwar ce. Ba ta da ƙarfi amma ta san inda ake bugu.

"Ku sake juna, 'yan banza! Da ɗa a baya! Ke baƙuwa, gidan ubanki ne? Aje wayar nan ki yi mani magana kamar ɗiyar mutane."

Na ajiye. Ina haki na ce, "Kaka, ba hukuma zan kai ba. Uwarsa ce. Tun da aka kawo shi ba ta ci abinci ba. So take ta ji ko ya samu kalma."

Tsohuwar ta daɗe tana dubana. Ta sa surukarta ta kawo ruwa a kwano in tsoma hannu. Sannan ta yanke hukunci.

"Hoton nan akwai 'ya'yan mutane ciki, ba shi fita gidan ga. Amma uwa kunne taka buƙata, ba ido ba. Wayarki tana ɗaukar murya? To a kunna wagga, ki kanga taki ki ɗauki murya. Sau guda. Ni na ɗauki alhakin ajiyar."

Matar ta buɗe wurin ajiyar tana harara ta. Abubuwa sun fi ɗari, ba suna sai lambobi. Na bi nauyi kamar yadda mai caji ya koya mani. Biyu, uku, ɗaya, biyar. Can ƙasa na ga tamanin da bakwai. Minti bakwai da 'yan kai. Su biyun suka koma bakin murhu suka ba ni baya. Na kanga wayata na danna.

Daƙiƙa talatin ɗin farko na san su. Bayan nan Yaya ya tashi kan gwiwar, aka sake kai shi ƙasa. Suka yi ta yi. Ya daina cewa a kai tsohon asibiti, ya koma kare kansa da hannu, hannun ya karye, na ga inda ya lanƙwashe. Wajen minti na huɗu wani dogon mutum mai farar riga ya fito daga rumfar masu turame da sabuwar taɓarya. Mutane suka buɗa masa. Ya ɗaga ta da hannu biyu ya sauke a bayan Yaya, ya sake ɗagawa ya sauke a gefen kai. Ƙarar ba irin ta sauran ba ce. Kowa ya ja baya. Wurin ya yi tsit, sai man awara da ke ƙonewa.

Mutumin ya tsaya yana dubansa. Sai ya yar da taɓaryar, ya tsuguna, ya ɗago kan Yaya ya ɗora a gwiwarsa, jini na bin farar rigar. Mai awarar ta tashi ta matsa, hoton yana rawa, tana kuka. Ya sunkuya dab da kunnensa.

"Ka ce la'ilaha illallah. Kai, ɗan'uwa, ka ce. Ku kawo ruwa! Ka ce la'ilaha illallah."

Sau biyu ba amsa. A na uku bakin Yaya ya motsa. Ya faɗa. A gutsure, da jini a maƙogwaro, amma ya kai ƙarshenta, kuma ana ji. Mutumin ya shafe masa ido da hannun da ya riƙe taɓarya. Wayar ta sunkuya, na ga yatsun ƙafar mace da lalle.

Tsohuwar ta ce daga inda take, "Ya samu?"

Na ce ya samu. Ta ce alhamdu lillahi, ta ce in ci tuwo kafin in tafi. Ban ci ba.

Na iso Jega bayan la'asar. Inna na kan tabarmar salla. Na durƙusa gabanta, na tsallake minti biyar na farko, na kunna daga inda wurin ya yi tsit. Ta kanga kunne. Da muryar Yaya ta fito ta riƙe hannuna daidai inda ya ƙone, ban janye ba.

"Sake."

Na sake. Sau huɗu. A na huɗun ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar, da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Da ta lafa ta ce a ɗumama mata tuwon jiya, ta ci kusan rabi ina kallo. Ta wanke hannu, ta jawo carbi.

"Wane ne wanga bawan Allah da ya laƙƙana mashi?"

"Ban san sunansa ba."

"A cikin wannan taro an samu mai tsoron Allah guda. Allah shi ba shi aljanna. Allah shi sa shi ma ya samu mai tuna mashi ranar tashi. Ce amin."

Na kashe wayar na kife ta a cinya.

"Ke, ba ki ji ba?"

"Inna, mutumin nan shi ne ya…"

Ta ɗaga hannu. Ba ta dube ni ba, carbin take kallo.

"Ban tambaye ki ba. Ni murya na ji. Na ce ki ce amin."

Na dubi hannunta, ƙashi da fata, da ɗan ragowar miya a gefen farce. Na ce amin.

Har yau bayan kowace salla tana sa mutumin nan cikin addu'a, bayan marigayi Babanmu, bayan Yaya. In ta zo kansa nakan tashi in fita tsakar gida in nemi abin wankewa.